Ganyen Fita na Sinafaru

Kai Sale, na ji abin da ka faɗa wa 'yan'uwanka jiya a bakin marina, kada ka yi zaton kunnena ya mutu tare da gwiwoyina. Wai tsaron goro ba sana'a ba ce, wai mutum ne kawai zai sami inuwa ya miƙe ƙafa yana juya goro yana jefa ɗaya a baki. To madalla. Tunda kun ɗaura niyyar bin ayarin bana zuwa Gwanja, kai da waɗannan biyun da suka zo daga Danja, ku gyara zama ku ji. In na gama, wanda har yanzu yake ganin wasa ne, Allah ya ba da sa'a, jakinsa ne zai ba shi sauran labarin.

Aikin farko da maigidana Malam Gambo ya ba ni shi ne wankin ganye. Mutumin Musawa ne, amma nan Maska ya zauna har Allah ya karɓi abinsa, kuma duk ayarin da yake ciki shi ake kira in huhun goro ya fara wari. Tafiyata ta farko tun daga Salaga, babbar kasuwar Gwanja, har gida bai bar ni na taɓa goro ko ɗaya ba. Ganyen fita kawai nake wankewa, wannan faffaɗan ganyen da ake naɗe goro da shi, in share shi da tsumma, in jera a inuwa, in ware mai tsaga da mai rami. Da na gaji na yi ƙorafi, sai ya ce da ni goro ɗan sarki ne, ganye kuwa rigarsa, wanda bai iya wankin riga ba ba a ba shi renon ɗan sarki. Na yi fushi a ranar, amma ga shi yau ina faɗa muku da bakina.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Tabarma ce da ba a taɓa cin abinci a kanta ba, da ƙaramar ƙwarya ta yayyafi, da 'yar wuƙa, da igiya, da waga ta fata da ake ɗora wa jaki. Sauran duk a jikinka suke, wato hanci da yatsa da haƙori. Kana shimfiɗa ganye, gefen mai santsi yana kallon ciki, ka zuba goro, ka rufe, ka ɗaure yadda iska ba za ta shiga ba amma ba za ka murƙushe shi ba. Bayan 'yan kwanaki ka kwance duka, ka tsince ɗaya bayan ɗaya. Ruwa ya yi yawa, ya yi fumfuna. Ruwa ya yi kaɗan, ya yi yaushi. Ga kuma sankara, wannan tsutsar da ke shiga ta wani ɗan rami da ido ba ya gani sai wanda ya saba. Ka bar ɗaya mai ita a ciki, kafin zango na gaba ta gaisa da duk maƙwabta. Hannun da ya taɓa gishiri ko kanwa ko man shanu ba ya kusantar huhu sai an wanke shi tas. Na taɓa ganin Malam Gambo ya kori wani ƙato mai gemu daga kan tabarma don ya ci nama bai wanke hannu ba, kuma mutumin nan goronsa ne ake tsincewa.

Kuma ku sani, goron da muke ɗaukowa ba namu ba ne mu kaɗai. Masaƙan garin nan su ke ba mu saƙinsu na shekara guda, wanda suka zauna a kansa tun daga kaka har wata kakar, mu kai Gwanja mu musanyo musu da goro. Babu rubutu, babu shaida, amana ce kawai. In mun dawo kowa ya zo ya ɗauki rabonsa, da shi zai yi auren ɗa, da shi zai sayi zare da hatsi. Masu saye kuma kowa da halinsa. Matan gida suna son farin goro don biki, malamai suna son daushe wanda ya kwana biyu ya yi zaƙi, Fulanin wajen Matazu kuma ƙanana suke so, wai sun fi auki a aljihu, su ci rabi su ɓoye rabi. Duk waɗannan mutane suna zaune a gida suna jira, kai kuma kana can bayan Kwara da ƙwaryar yayyafi a hannu.

Kowa Salaga yake ambato, kamar babu wani gari a duniya. Salaga kasuwa ce, ban musa ba, amma garin da ruwan sha ma sai ka saya, me za ka tuna da shi ban da ciniki? Tsakaninmu da can akwai garuruwa birjik. Akwai waɗanda kuka ji sunansu, irin su Yawuri da Busa da Nikki da Zugu. Akwai kuma tsofaffin birane masu ganuwa da muke wucewa ta gefensu ko ɗaga kai ba ma yi, domin mu fatake da kasuwa muke auna gari. In babu kasuwa, babu zangon Hausawa, to a wurinmu ƙauye ne ko da ganuwarsa ta kai sama. Wannan halin namu ya kusa cinye mu a shekarar da zan ba ku labari.

A lokacin na riga na zama mutum, ina da iyali, ni ke riƙe da tsintar kayan Malam Gambo gaba ɗaya, shi kuma tsufa ya fara kama shi, sai dai ya zauna ya duba. Damina ba ta yi kyau a ƙasar Gwanja ba, ganyen da muka samu a kasuwa ƙanana ne kuma sun riga sun tsufa. Muka saya haka nan, da niyyar mu sabunta a hanya. Da muka shigo ƙasar Bargu sai labari ya zo cewa 'yan fashi sun tare babbar hanya, jagaba ya karkatar da mu ta wata tsohuwar turba da ciyawa ta kusa cinyewa. Bazara ta kama, rana kamar ta sauko ƙasa. Rafukan da muka sa rai duk yashi ne. Na kwance huhu wata safiya, ganyen ya farfashe a hannuna kamar busasshiyar kuka, goron na sama ya fara tattarewa. Muka yi ta jiƙa tsumma muna rufawa, amma tsumma ba ganye ba ne, yana jiƙa na waje ya ruɓar da shi, na ciki kuma yana bushewa.

Cikin wannan hali muka sauka gindin wata ganuwa. Doguwa ce, jar ƙasa, wani wurin ta zube itatuwa sun fito a kanta. Jagaba ya ce sunan garin Sinafaru, ba a saye ba a sayarwa a cikinsa, mu huta mu wuce. Muna sauke kaya sai ga mata sun fito da madidi a kwanduna suna talla. Na karɓi ɗaya don in karya, ina kwancewa sai hannuna ya tsaya. Ganyen fita ne aka naɗe shi da shi, ɗanye shar, faffaɗa, har da raɓa a jikinsa, an yanko shi a safiyar nan. Na ruga na nuna wa Malam Gambo, kafin ka ce kwabo duk ayari ya taru a kan matan nan.

Abin da falke ya iya shi muka yi, muka fito da kuɗin wuri. Madugunmu, Tanko, mutumin kirki ne amma mai zafin nama, ya sa aka tambaye su da Dandanci, harshen da ake ciniki da shi a can, nawa za su sayar da damin ganye. Suka ce ba na sayarwa ba ne. Muka ɗauka wayon ciniki ne, aka ƙara. Suka sake cewa a'a. Aka ƙara kuma, aka haɗa da turmin saƙi, har wani ya kwance wuri a ƙasa a gabansu ya tara. Nan fa fuskokinsu suka canja. Babbarsu ta tattara kwandonta, sauran suka bi ta, har madidin ma suka fasa sayarwa, suka shige gari. Mu a ganinmu mun yi karamci, ashe zagi muka yi, kamar mutum ya zo gidanka ya ce nawa za ka sayar masa da ƙasar kabarin ubanka.

Can da hantsi wani tsoho ya fito, dogo, siriri, da sanda, sunansa Woru, shi ne mai kula da tsohon gari. Bai yi faɗa ba. Ya ce ya ji baƙi sun sauka, ya zo ya gayyace su su shigo su ga gari. Madugu ya ce ganye muke nema. Tsohon ya ce shi gari ya ce a zo a gani. Aka juya maganar ta kowace fuska, amsarsa ɗaya. Madugu ya ce ba shi da lokacin yawon kallon kango alhali dukiyar mutane tana ƙonewa, a ɗaura kaya, in an matsa za a kai bakin Kwara inda Nufawa ke sayar da ganye.

Malam Gambo ya kira ni gefe ya ce in gaya masa gaskiya, kayan za su kai kogi? Na zaro goro daga tsakiyar huhu, ba na sama ba, na gatsa. Lafiyayyen goro in ka gatsa yana cewa ƙas, wannan kuwa sai ya lanƙwashe a haƙorina kamar jijiya. Na ce masa ba za su kai ba, ko rabin hanya. Ya dubi jakuna. Kun san abin da ake nufi da rabuwa da ayari a ƙasar Bargu, mutum ya zama nama. Kuma tsohon nan bai yi mana alkawarin komai ba. Amma Malam Gambo ya ce, "In mun bi ayari, mun san ƙarshen saƙin mutanen Maska. In mun tsaya, ba mu sani ba. Ni na zaɓi wanda ban sani ba." Madugu ya yi masa magiya, ya ƙi. Suka yi sallama ba tare da ɓacin rai ba, ayari ya tashi, muka rage mu kaɗan da jakunanmu, muna jin ƙararrawarsu tana nisa. Ban ɓoye muku ba, tsoro ya kama ni.

Kafin mu shiga, Malam Gambo ya tambayi Woru ko akwai wurin da za a ce mu durƙusa wa wani abu, domin mu Musulmi ne. Tsohon ya yi dariya ya ce ƙafa da ido kawai yake so. Aka shigar da jakunanmu inuwa, aka ba mu ruwa, sannan aka fara yawo. Wayyo, yawon nan! Tsoho ne mai tafiyar hawainiya, kuma kowane dutse yana da labari. Ya nuna mana ƙofar gari, ƙyaurenta na itace da aka lulluɓe da ƙarfe, ya ce a garin aka narka ƙarfen. Ya kai mu inda maƙera suka yi zamani, tudun kashin tama ya fi ɗaki tsawo, ga matoyan narka ƙarfe a jere sun fi ƙarfin ido. Ya nuna mana rijiyoyin da aka fafe cikin dutse, da matakala har ƙasa. Ni kuwa duk abin da ya faɗa rabi nake ji, hankalina yana kan huhu, ina lissafin abin da rana take ci. Na raɗa wa Malam Gambo cewa mu sake yi masa maganar ganye. Ya taka mini ƙafa ya ce baƙo ba ya gaya wa mai gida inda tabarma take.

Washegari aka ci gaba. Sai da muka iso wani fili mai manyan kukoki na fara sakin jiki, don na ga abin da na sani. A jikin kukokin akwai turaku na ƙarfe da itacen ya haɗiye rabinsu, irin waɗanda muke ɗaure jakuna. Woru ya ce nan ce kasuwa a zamanin kakansa, ayari kan ayari, har wani ya rasa wurin sauke kaya. Daga baya yaƙi ya karkatar da hanya, fatake suka bi sabuwa, ba su ƙara waiwayowa ba. Ya kai mu bayan filin, ga tushen wani gini mai kusurwa huɗu, ga ɗan lungu a bangon gabas. Ba sai an gaya mana ba, masallaci ne. A gefensa kaburbura ne a jere, an daidaita su yadda muke yi, an kewaye da duwatsu, an share tas, ko tsinke babu. Ya ce fataken ƙasar Katsina ne da ajali ya riska a nan. Ya ce su ba sa salla, amma waɗannan baƙinsu ne, sun mutu a hannunsu, kuma tun daga lokacin gidansu ne ke share wurin, ana jiran ranar da danginsu za su zo.

Malam Gambo ya cire takalmi. Muka tsaya muka yi musu addu'a. Shekara nawa muna wucewa ta ƙasar nan, ashe namu suna kwance a bayan ganuwa, waɗansu ne ke yi musu abin da ya kamata mu yi. Da muka shafa, Woru ya ce, "Jiya ku baƙi ne, ba a kai baƙo inda zan kai ku. Yau kun ga gari, kun gai da mutanenku. Ku biyo ni."

Ya bi da mu ta wata ɓaraka a ganuwar ciki, muka gangara cikin tsohon gwalalo, wato ramin da aka haƙa kewaye da birni don tsaro. Zurfinsa ya fi tsayin mutum uku a tsaye, itatuwa sun rufe samansa, ruwa yana tsattsafowa daga dutse, sanyi kamar cikin randa. Tun daga inda muke har inda ido ya ƙare, fita ce, kore shar, ganye ya kai faɗin faifai. Malam Gambo ya dafa kafaɗata ya ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Woru ya bayyana mana cewa kakanninsu ne suka dasa ta saboda fataken goro, kuma suka bar wasiyya cewa ba a sayar da ita, kyauta ce ga wanda ya shigo gari. Wanda ya tsaya a waje ya miƙo wuri, ya nuna ganyen yake so ba mutanen ba.

A cikin gwalalon muka shimfiɗa tabarma. Ban taɓa aiki irin na kwanakin nan ba. Matan da muka ɓata wa rai su ne suka zo da wuƙaƙe suna yanka suna wankewa, babbarsu tana yi mini tsiya da hannu, tana nuna wai a ƙara mata kuɗin wuri. Na kwance kowane huhu, na zubar da wanda ya mutu, wanda ya yi yaushi na jera shi a kan ɗanyen ganye na rufe na bar shi ya sha sanyi, ba yayyafi ko ɗigo, don goron da ya galabaita in ka ba shi ruwa kai tsaye baƙi yake yi. Sannu a hankali fatarsa ta miƙe. Ranar da na gatsa ɗaya ya ce ƙas, na miƙa wa Malam Gambo ragowar, ya tauna, ya ce alhamdu lillahi. Mun yi asara, ba zan ce ba mu yi ba, amma mafi yawa ya tsira.

Da za mu tashi suka cika mana jaki biyu da ganye, aka naɗe cikin jiƙaƙƙiyar tabarma, kuma samarinsu masu baka suka raka mu har muka hango kogi. A bakin fito muka tarar da ayarinmu, ba su haye ba, masu jirgi sun bar su suna ta jira, ganyen Nufawa kuma bai iso ba. Kayansu sun lalace ƙwarai. Malam Gambo bai ce da kowa ai na faɗa ba. Ya sa aka sauke ganyen nan aka raba, na zauna na tsince musu abin da zai tsintu. Madugu Tanko ya zo ya durƙusa gabansa ya yi godiya, shi kuma ya ce ba shi za a gode wa ba.

Domin akwai abin da ya faru a ƙofar gari ranar rabuwa. Malam Gambo ya san ba a biya, sai ya ɗauko rigarsa ta saƙi mai kyau ya ce wannan kyauta ce tsakanin tsoho da tsoho. Woru ya karɓa, ya ba shi sandarsa. Sannan ya ce yana da roƙo ɗaya. Ya ce yaransu suna tashi suna tambaya ko gaskiya ne garin nan ya taɓa zama gari, tunda ba wanda ke zuwa, ba wanda ya san sunansa. Ya ce, "In kun isa gida, duk wanda zai ci goron nan, ku gaya masa inda aka yanko rigarsa. Ku faɗi sunan, a ji shi a wani wuri ban da nan."

Muka iso Maska ana shirin shuka. Labarin lalacewar ayari ya riga mu zuwa, masaƙa sun riga sun haƙura, waɗansu har sun ɗage bukukuwan 'ya'yansu. Suka taru a ƙofar gidan Malam Gambo, nan inda rumbun nan yake yanzu. Na kwance huhu na farko a gabansu, goro ya fito ja wur yana sheƙi. Wani tsohon masaƙi, Malam Audu, wanda idonsa ya kusa tafiya saboda zaman saƙa, ya miƙo hannu. Malam Gambo ya riƙe hannun, ya gaya masa sunan garin da aka yanko ganyen, ya ce sai ya faɗi sunan tukuna. Tsohon ya gwada, harshensa ya karye, aka yi dariya, ya sake har ya daidaita. Ya gatsa, duk muka ji ƙarar. Haka aka yi da kowa, babba da yaro, babu wanda ya ɗauki rabonsa bai ambaci garin nan ya sa masa albarka ba.

Na koma sau da yawa bayan haka, ko ayari bai bi ta can ba nakan ratse in shiga, in gai da kaburbura, in gaya wa Woru mutum nawa suka koyi sunan. Zuwana na ƙarshe ɗansa na tarar da tsintsiya a hannu. Yanzu gwiwa ta ƙi, Malam Gambo ya tafi, masaƙan da suka faɗa a ranar nan duk sun bi shi, saura ni. Ga goro nan a ƙwarya, na ga tun ɗazu idonka yana kansa, Sale. Janye hannunka tukuna. Sinafaru. Ku faɗa in ji.